Tsohuwar Peugeot 504 na hayaƙi bayan dogon zama: wane gwaji ya kamata ka fara da shi?

Har yau akwai gidaje a Kaduna, Kano, Zariya da Jos da za ka tarar da Peugeot 504 a ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe ta da tamfol. Wata gadon mahaifi ce, wata kuma mai ita ya saye ta sabuwa fil daga masana'antar haɗa motocin Peugeot ta PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har 2006. Irin wannan mota ba ta fita sai da dalili, ko ranar Sallah, ko ɗaurin aure, ko a tashe ta a tsakar gida ta yi minti biyar a kashe. Ana nan sai wata rana salansa ta turnuƙe gida da hayaƙi. Maƙwabci ya ce ringi ne, makanike ya ce a kawo a sauke inji, wani kuma ya ce a zuba mata maganin kauri a baƙin mai a huta.

Abin da nake so mai irin wannan mota ya riƙe shi ne, hayaƙin motar da ke zaune daban yake da na motar haya da ta gaji da hanya. Zama kansa yana kawo hayaƙi ko da injin bai cinye ba: ringi yana maƙalewa a ramin fistin, robobin bawul suna bushewa su tsattsage, fetur yana tsufa ya yi danƙo a kafireta, ruwa yana taruwa a salansa. Wasu daga cikin waɗannan suna warkewa da tafiya kawai. Don haka tambayar farko ita ce ta wace hanya za ka gano inda hayaƙin ke fitowa, kafin a zo maganar gyara.

Ma'aunin da zan auna kowace hanya da shi

Abu huɗu ne. Na farko kuɗi, kuma tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya, zan kwatanta shi da abin da ba ya ɓata lissafi, kamar cikon tanki ko kuɗin sabis. Na biyu ƙarfin amsa: in gwajin ya ce ga matsala, za ka iya kashe kuɗi a kan maganarsa, ko gobe zai canja baki? Na uku sauƙi, wato ko za ka iya da kanka a gida ko sai da kayan aiki da gwani. Na huɗu haɗari, ga injin da kuma ga kai kanka.

Hanya ta farko: kallo da sansana

Ka sa wani ya tashi motar da safe tana sanyi, kai kuma ka tsaya a gefen baya, a fili, ba cikin rufaffen gareji ba, domin iskar salansa tana kisa ba tare da wari ba. Launi da lokaci za ka lura da su.

Fari mai sirara da ke ɓacewa nan take tururi ne. Duk litar fetur da inji ya ƙona tana fitar da kusan lita guda ta ruwa, kuma motar da ake tashi minti biyar a kashe ba ta taɓa yin zafin da zai busar da salansarta ba. Da sanyin hunturu wannan tururin yakan yi yawa har ya tsorata mutum. Fari mai kauri da ya ƙi tsayawa bayan inji ya yi zafi, shi ne abin damuwa, domin yana nufin ruwan lagireto na shiga silinda. Ana yawan cewa irin wannan hayaƙi yana da ƙanshi mai zaƙi, amma wannan sai in akwai maganin lagireto a ciki. Yawancin tsofaffin motocinmu ruwan famfo zalla suke sha, don haka rashin ƙanshin ba shaida ba ne. Akwai kuma wani farin hayaƙi mai ɗaci da yaji a ido wanda ba ciwon inji ba ne sam: in masta ta burki ta yoyo ta baya, man burki yakan taru a tukunyar sabo (servo, mai ƙara wa burki ƙarfi), inji ya zuƙe shi ta tiyon iska ya ƙona. Duba kofin man burki. In yana raguwa ba ka ga jiƙa a ƙafafu ba, ka kama ɓarawonka.

Shuɗi-shuɗi mai warin ƙonannen mai, baƙin mai ne. In da tashi kawai yake yi, ya ɗauke bayan ɗan lokaci, ko ya dawo bayan ka sauko gangara ka sake taka totur, zargi ya fi karkata ga bawul. In kuwa yana ƙaruwa duk lokacin da ka taka a hawa, ringi ne ake tuhuma. Baƙi kuma fetur ne ya yi yawa: cok ya maƙale, allurar kafireta ba ta rufewa, ko matatar iska ta toshe. Buɗe gidan matatar ka leƙa, domin ɓera da zanzaro suna son motar da ba ta motsi. In taka irin mai matatar da ake zuba wa mai a ƙasanta ce, duba kada a cika ta ya wuce alama, don inji zai zuƙi rarar ya fitar da shuɗin hayaƙin da ba ruwansa da ringi.

Ka haɗa da zaro sandar awon baƙin mai. In man ya haura alama kuma yana warin fetur, robar famfon fetur ta huje ko kafireta na ambaliya, fetur ya tsinka man har yana wuce ringi cikin sauƙi. In ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Farin kumfa kaɗan a ƙarƙashin murfin zuba mai, shi kaɗai, raɓar zama ce kawai.

Wannan hanya kyauta ce, ba ta da wuya, ba ta da haɗari in an yi a fili. Rauninta shi ne tana nuna unguwa, ba ta nuna gida. Kada ka sayi ko da ƙusa ɗaya a kan launin hayaƙi kaɗai.

Hanya ta biyu: sabon mai da tafiya mai nisa

A ganina wannan ita ce hanyar da aka fi raina wa, kuma ita ta fi dacewa da motar da ke zaune. A zubar da tsohon fetur daga tanki, a canja baƙin mai da filta, a zuba irin 20W-50 da waɗannan injuna suka saba da shi, daidai alama. Sannan a fita da ita babbar hanya ta yi kamar awa guda, ana hawa ana sauka da totur, ba gudu ɗaya ba. Zafi na gaske yana busar da salansa, yana ƙone man da ya taru a cikinta, kuma sau da yawa yana saki ringin da ya maƙale. A maimaita sau biyu ko uku cikin mako, ana duba mai da ruwa kafin fita da bayan dawowa, a wuri ɗaya mai shimfiɗa, inji na sanyi. Rubuta abin da ka gani. Wannan rubutun ya fi duk wani hasashe.

In ringi ya ƙi saki, wasu sukan kwance fulogi su zuba ɗan man giyar otomatik ko kananzir a kowace silinda su bar shi ya kwana. Yana aiki wani lokaci, da sharaɗi biyu: a juya injin ba fulogi don ya fesar da abin da ya rage kafin a mayar da su, kuma a canja baƙin mai bayan nan. Ruwa ko mai ba sa matsuwa, in fistin ya taras da su a rufaffiyar silinda, ƙarfen hannunsa ne zai lanƙwashe.

Kuɗinta kuɗin sabis ne da cikon tanki, wanda dama dole ne ka kashe. Amsarta tana da ƙarfi ta ɓangare ɗaya: in hayaƙi ya ɗauke kuma mai da ruwa ba sa raguwa, an gama magana. In bai ɗauke ba, ba ta gaya maka dalili, amma ta share fage, domin duk gwajin da za a yi bayanta zai fi gaskiya. Haɗarinta ba a inji ya fi yawa ba, a taya da burki yake. Tayar da ta shekara bakwai ko takwas tana iya kyau a ido ta fashe a hanya, burkin da ya zauna kuma yakan kama ko ya saki. Duba su da tiyoyin lagireto da fanbel tukuna. Kuma in ka riga ka ga ruwa a mai, ko lagireto na shanye ruwa, kada ka yi wannan tafiyar kwata-kwata, ka tsallaka zuwa hanya ta biyar.

Hanya ta uku: karanta fulogi

Bayan tafiyar, kwance fulogi huɗun ka jera su yadda suke a inji. Ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya. Baƙin toka a bushe a dukkansu, kafireta ce. Baƙi mai maiƙo, mai na shiga. Wanda ya fita fes kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa na da datti, tururin ruwa ne ya wanke shi, silindarsa ake zargi.

A 504 akwai tarko a nan. Fulogin suna can ƙasan dogayen bututu a kan inji, kuma mai yakan taru a bututun. Da ka kwance, man ya gangaro ya jiƙa fulogin ya kuma zube cikin silinda, sai ka ɗauka ringi ya mutu. Haska tocila cikin bututun tukuna, in akwai mai ka tsane shi da tsumma a kan sanda. Kuma a kwance fulogin yayin da inji ke sanyi ko da ɗan ɗumi, domin kan injin alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfin tuwo. Sifanar fulogi kawai ake buƙata. Amsarta ta fi ta kallo domin tana ware silinda, amma ba ta rabe tsakanin ringi da bawul.

Hanya ta huɗu: gejin matsi, da gwajin hura iska

Nan ne aka fara samun lamba. Ana ɗumama inji, a cire duk fulogi, a cire wayar kwayil, a taka totur har ƙasa, a ɗaura geji a kowace silinda a juya da batir mai ƙarfi. Saboda zurfin bututun 504, sai geji mai dogon baki. Abin dubawa shi ne daidaito: in bambancin silinda mafi ƙarfi da mafi rauni bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, babu laifi. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. In lamba ta tashi sosai, ringi ko bangon silinda. In ba ta motsa ba, bawul ko gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da bulok. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu.

Abu biyu ke sa wannan gwaji ya yaudari mutane. Na ɗaya, in aka yi shi ga injin da ya shekara a zaune ba a fita da shi ba, lamba za ta yi ƙasa saboda tsatsa a mazaunin bawul da ringin da ya maƙale, a yanke wa lafiyayyen inji hukuncin da bai cancanta ba. Shi ya sa tafiya ke gaba da geji. Haka nan bawul da aka ɗaure da yawa yana zubar da matsi, don haka a fara saita su, 0.10 na milimita a na shiga, 0.25 a na fita, inji na sanyi. Na biyu, geji yana auna ringin matsi ne, ba ya ganin ringin share mai da ke ƙasansu. Inji na iya ba da lamba mai kyau a duk silinda huɗu yana kuma shan mai, saboda wannan ringin na ƙasa ya toshe da gawayi. Lamba mai kyau tare da shuɗin hayaƙi na nufin ko wannan ringin ko robobin bawul, kuma duka biyun ba sa buƙatar gaggawar sauke inji.

Gwajin hura iska ƙanensa ne da ya fi shi kaifi. Ana kawo fistin sama bawul biyu a rufe, a hura iska daga kwamfuresa ta ramin fulogi, geji ya nuna kashi nawa ke tsiyayewa. Ƙasa da kashi 10 inji ne mai kyau ƙwarai, zuwa 20 tsohon inji zai rayu da shi, ya wuce 30 akwai aiki. Daɗinsa shi ne kunne ke ba da amsa. Huci a bakin kafireta, bawul na shiga. A salansa, bawul na fita. A ramin zuba mai, ringi. Kumfa a lagireto, gasket ko tsagewa. Ba kowane gareji ke da kayansa ba, kuma yana son wanda ya iya, domin in fistin bai tsaya daidai ba iska tana juya inji da ƙarfi, sifanar da aka bari a kan fule ta karya hannu. Waɗannan gwaji biyu su ne amsar da na fi yarda a kashe kuɗi a kanta.

Hanya ta biyar: gwajin ruwa

Wannan na mai farin hayaƙi ne, ko wanda ya ga ruwa a mai ko lagireto na shanye ruwa. Ana ɗaura ɗan famfon hannu a bakin lagireto inji na sanyi, a matsa iska daidai abin da aka rubuta a murfi, a jira a ga ko allura za ta sauka. In ta sauka ba ɗigo a waje, a cire fulogi a duba wace silinda ta jiƙe. Kada a wuce matsin murfi, tsohon lagireto da tiyoyinsa ba za su ɗauka ba. Akwai kuma ruwan gwaji shuɗi da ake riƙewa a kwalba a bakin lagireto inji na aiki: in iskar ƙuna na shiga ruwa, sai ya koma rawaya. Ba shi da tsada, amsarsa kuma a fili take in ya canja launi. In bai canja ba, ƙaramin yoyo da ke buɗewa sai da zafi sosai na iya ɓuya. Lagireto mai zafi ba a buɗe shi ko da wane dalili.

Ƙaramar kyamarar waya mai igiya da ake zurawa ta ramin fulogi tana taimakawa a nan. Za ta nuna fistin da ruwa ya wanke, ko zoben tsatsa a bangon silinda inda ringi ya daɗe a tsaye. Ƙari ce, ba madadi ba.

Hanya ta shida: buɗe inji

Ita ce mafi tsada, kuma a 504 tana da haɗarin da ba kowane yaron gareji ya sani ba. Silindojin wannan inji silif ne masu cirewa, ruwa na zagaye su kai tsaye, suna zaune a kan siraran gasket a ƙasa, kan inji ne ke danne su. In aka fizge kan sama kai tsaye, ko aka juya inji bayan an cire shi ba a danne silif da ƙarfe ba, sai silif ya ɗaga, gasket ɗin ƙasa ya karye, ruwa ya fara sauka cikin mai. Motar da ta shigo da ɗan hayaƙin safe sai ta fita da ciwon da ba ta zo da shi ba. Tsofaffin makanikan Peugeot sun san a gefe ake karkaɗa kan har ya rabu, sannan a danne silif nan take. Tambayi makanikenka yadda zai yi kafin ya taɓa. Amsarsa za ta gaya maka ko shi ne mutumin.

Wannan tsari yana da alherinsa: in da gaske silinda ta cinye, ana canja silif da fistin da ringi a matsayin saiti ɗaya, ba sai an kai bulok wurin masu faɗaɗa ramin silinda ba, kuma ana neman kayan a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Sai dai ingancinsu ya bambanta ƙwarai, kuma tsohon silif na asali da bai cinye ba ya fi sabon da ba a san asalinsa ba.

Maganin kauri kuwa ban sa shi a jerin ba, domin ba gwaji ba ne. Yana rage hayaƙi na ɗan lokaci, ya ɓata sakamakon geji, ya kuma ƙara wa ringin da ya maƙale danƙo.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarfin amsa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kallo da sansana | Kyauta | Rauni, nuni kawai | Kowa zai iya | Iskar salansa a rufaffen wuri |
| Sabon mai da tafiya | Sabis da cikon tanki | Mai ƙarfi in hayaƙi ya ɗauke | Mai sauƙi | Tsohuwar taya da burki |
| Karanta fulogi | Kusan kyauta | Matsakaici, tana ware silinda | Mai sauƙi | Lalata zaren kan inji |
| Gejin matsi | Kaɗan | Mai kyau, ba ya ganin ringin mai | Geji mai dogon baki | Kaɗan |
| Hura iska | Matsakaici | Mafi ƙarfi ba a buɗe ba | Sai gwani da kwamfuresa | Inji na iya juyawa |
| Gwajin ruwa | Kaɗan | Mai ƙarfi ga farin hayaƙi | Matsakaici | Fasa tsohon lagireto |
| Buɗe inji | Mafi tsada | Cikakke | Sai ƙwararre | Motsa silif |

Wace ce taka?

In motarka ta Sallah ce da biki, hayaƙinta kuma na minti ɗaya ne da safe, hanya ta farko da ta biyu sun ishe ka. Ko da bawul ne ke ɗan zubar da mai, motar da ba ta cika tafiya ba za ta yi shekaru a haka, in dai kana duba sandar mai kana kuma fita da ita ta yi zafi sosai ko sau biyu a wata, maimakon tashin minti biyar a tsakar gida.

In baƙin hayaƙi ne, fulogi da kafireta da matatar iska ne aikinka, kuma kada ka jinkirta, domin rarar fetur tana wanke mai daga bangon silinda. In shuɗi ne da ya ƙi ɗaukewa bayan tafiye-tafiyen, a saita bawul, a sa gejin matsi, in lambobin sun rikice a nemi mai hura iska. In fari ne mai kauri kuma ruwa na raguwa, ajiye makulli, duba kofin man burki, sannan gwajin ruwa tun kafin komai.

Mai shirin sayen tsohuwar 504 daga hannun wani ba shi da mako guda na tafiya, don haka ya dage a tashi motar a gabansa tana sanyi, ya taɓa inji da hannu ya tabbatar, ya zo da makanikensa da gejin matsi. Mai shirin mayar da ita motar yau da kullum ko ta doguwar tafiya ya biya kuɗin hura iska tun farko, ya san abin da ke gabansa. Buɗe inji kuwa na wanda gwaji biyu daban suka nuna masa silinda ɗaya da ciwo ɗaya ne, kuma ya riga ya sami makaniken da ya saba da silif ɗin Peugeot.